Darasi na 17: Aikin Masanin Fasahar Halittu

Idan kun sayi ƙosai da safe a ƙofar makaranta, ko aka ba ku alale a wurin biki, da wuya ku tsaya tambayar inda waken ya fito. Mafi yawansa daga gonakin Arewa yake, irin su Kano da Jigawa da Katsina da Barno. A kasuwar Dawanau da ke Kano ake loda buhunansa a manyan motoci, su nufi kasuwar Bodija a Ibadan, ko Legas, ko Anaca. Babu ƙasar da ta kai Nijeriya noman wake a duniya, amma duk da haka abin da muke nomawa ba ya isarmu, sai mun ƙaro daga Nijar. Ɗaya daga cikin dalilan wannan giɓi wata 'yar tsutsa ce wadda tsawonta bai kai gaɓar yatsa ba.

A wannan darasi za mu bi labarin mutanen da suka shafe shekaru suna neman maganin wannan tsutsa. Ta hanyar labarinsu za ku ga abin da masanin fasahar halittu yake yi a wurin aikinsa, da irin halin da aikin yake bukata.

Tsutsar da ta gagari manomi

Masana suna kiran wannan ƙwaro Maruka. Uwarsa wata irin faɗa-wuta ce mai yawo da dare. Tana saka ƙwai a jikin furen wake, ƙwan ya ƙyanƙyashe tsutsa, tsutsar ta shige cikin fure ta cinye shi. In ta ƙara girma sai ta huda kwanso ta ci 'ya'yan da ke ciki. Manomi zai ga gonarsa ta yi kore shar, ganye ya yi kyau, amma ranar roro ya tarar ba kome. A shekarar da tsutsar ta yi yawa, takan lalata har kashi 80 cikin ɗari na amfanin gona.

Dabarar da manomi ya sani ita ce feshi. Wani yakan fesa magani sau shida, wani har sau takwas, a damina guda. Maganin yana da tsada, kuma sau da yawa mai feshin ba shi da safar hannu ko abin rufe hanci. Sa'an nan ita tsutsar tana ɓoye cikin fure da kwanso, inda maganin ba ya kai mata sosai.

Da farko masana sun bi tsohuwar hanya. Sun ce: tun da akwai wake iri-iri a duniya, ba za a rasa wanda tsutsar ba ta iya ci ba. In an same shi, sai a haɗa shi barbara da waken da manoma suke so. A Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Ƙasa da Ƙasa da ke Ibadan, wadda aka fi sani da IITA, akwai rumbun ajiya mai ɗauke da irin wake fiye da 15,000. Aka gwada su, ba a sami wanda ya iya tsare kansa yadda ake bukata ba. Akwai wani waken daji da tsutsar ba ta cika damunsa ba, amma ya ƙi haɗuwa da waken gida. Hanya ta toshe. A nan ne aka koma ga masanan fasahar halittu.

Mece ce fasahar halittu?

Fasahar halittu ita ce amfani da abu mai rai, ko wani sashe nasa, don a samar da abin da mutum yake bukata. In kun lura da wannan ma'ana, za ku ga cewa sana'ar ba sabuwa ba ce. Matar da ta gurza rogo ta bar shi ya kwana biyu kafin ta soya garin kwaki, da wadda ta rufe kalwa har ta zama daddawa, da Bafillatanar da ta bar madara ta zama nono, duk ƙananan halittun da ido ba ya gani suka sa aiki. Bambancin shi ne, su sun gaji dabarar ba tare da sun ga ma'aikatan nasu ba. Masanin zamani kuwa yana ganinsu, yana ƙirga su, har ma yana iya karanta umurnin da ke rubuce a cikin jikinsu.

Wannan umurni yana cikin wani sinadari mai kama da dogon zare da ake kira DNA, wanda aka gano siffarsa a shekarar 1953. Yana cikin ƙwayoyin halittar jikin mutum da dabba da tsiro. Ku ɗauke shi kamar littafi da aka rubuta da haruffa huɗu kacal: A, T, G da C. Kowace jimla mai ma'ana a cikin littafin ita ce ƙwayar gado, watau umurnin da ake gada daga iyaye, wanda yake gaya wa jiki irin furotin da zai ƙera.

Ku da kuke koyon Hausa kun san illar harafi ɗaya. Wanda ya rubuta "kafa" a maimakon "ƙafa", ko "bata" a maimakon "ɓata", ya faɗi abin da bai yi nufi ba. Haka yake a littafin jiki. Ciwon sikila, wanda ya fi yawa a Nijeriya fiye da kowace ƙasa, asalinsa sauyin harafi ɗaya ne: T ta zauna a inda ya kamata A ta zauna, a cikin umurnin ƙera sinadarin jan jini. Takardar gwajin da ke nuna AA ko AS ko SS labarin wannan harafi take bayarwa.

Da yake haruffan nan huɗu iri ɗaya ne a jikin kowace halitta, ana iya ɗauko jimla daga littafin wata halitta a sa a littafin wata, kuma ta karanta ta. A 1973 aka fara yin haka a Amurka. Kafin shekara goma ta cika, a 1982, an fara sayar da insulin na masu ciwon sukari wanda bakteriya suka ƙera bayan an sa musu ƙwayar gadon mutum. Kafin lokacin, daga jikin shanu da aladu ake tatso shi.

Aron makami daga ƙasa

A cikin ƙasar da muke takawa akwai wata bakteriya da ake kira Bt a taƙaice. Wani masani ɗan Japan ne ya fara gano ta a 1901, lokacin da take kashe tsutsar siliki. Tana ƙera wani furotin wanda in tsutsa ta ci, sai ya manne a bangon hanjinta ya huda shi, ta daina cin abinci ta mutu. Furotin ɗin yana bukatar irin ruwan cikin tsutsa kafin ya fara aiki, yana kuma bukatar wurin mannewa da ke jikin hanjinta. Cikin mutum yana da tsami, hanjinsa kuma ba shi da wannan wurin mannewa. Tun 1938 manoma a Faransa suke fesa wannan bakteriya a gonakinsu a matsayin maganin ƙwari.

Tunanin masana shi ne: me zai hana a ba wake umurnin ƙera wannan furotin da kansa, yadda tsutsar za ta tarar da shi a cikin furen da ta ɓuya? Faɗar haka ba wuya. Yinsa kuwa ya ci shekaru, domin wake tsiro ne mai taurin kai. Masara da auduga sun karɓi sabuwar ƙwayar gado tun tuni, shi ya ƙi. Sai a 2006 wata tawaga a hukumar binciken kimiyya ta ƙasar Ostareliya, ƙarƙashin jagorancin T. J. Higgins, ta bayyana hanyar da ta yi aiki.

Ga yadda ake yi. Ana tsaga ƙwayar wake a yanko ɗan sashen da tsiro yake fitowa daga gare shi. Ana jiƙa shi cikin ruwa mai ɗauke da wata bakteriya dabam, wadda ɗabi'arta ce ta cusa DNA ɗinta a jikin tsirrai. Ita ce 'yar aike. An riga an ɗora mata saƙon da ake so ta kai. Daga nan sai a jera 'yan yankan a kan wani abinci mai kama da kamu mai kauri a cikin farantan gilashi, a rufe, a ajiye a ɗaki mai fitila da sanyi daidai gwargwado. Bayan 'yan makonni a sauya musu faranti, bayan wasu makonnin a sake sauyawa. A cikin yanka dubu, waɗanda za su karɓi saƙon su kuma girma su yi 'ya'ya ba su wuce a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba. Ku tsaya ku yi tunanin wannan lissafi. Mutum ya yanka dubu da hannunsa, ɗaya bayan ɗaya, ya yi rainonsu wata da watanni, ya san tun farko cewa kusan duka zubarwa za a yi.

Ba a ɗakin gwaji aikin yake ƙarewa ba

Tsiron da ya rayu a cikin gilashi a Ostareliya bai zama abincin kowa ba tukuna. Sai an ga yadda zai yi a ƙasarmu, da ranarmu, da tsutsarmu. Wannan sashe na aikin ya faɗa hannun Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, ƙarƙashin Farfesa Mohammad Ishiyaku. Wata gidauniya mai hedikwata a Nairobi, AATF, ita ta haɗa ɓangarorin, ta kuma samo izinin amfani da ƙwayar gadon daga kamfanin Monsanto ba tare da biyan kuɗin mallaka ba.

A 2009 aka fara gwaji a gona a Nijeriya. Gonar gwaji irin wannan ba kamar gonar gida ba ce. Ana kewaye ta da shinge, a sa mata mai gadi, a nisanta ta da sauran gonakin wake. Duk wanda ya shiga sai ya sa hannu a littafi. Ba a fita da ko ƙwaya ɗaya ba tare da an rubuta ba, kuma abin da ya rage bayan an gama aune-aune ƙone shi ake yi. Abin da zai ba ku mamaki shi ne, masana ƙwari sukan yi kiwon tsutsar da kansu, su ɗebo ta su zuba a kan waken da gangan. In ba su yi haka ba, shekarar da tsutsa ta yi ƙaranci ba za a san ko waken ne ya tsare kansa ko sa'a ce kawai ba.

Akwai kuma wata matsala. Waken da ya karɓi saƙon ba shi ne wanda manomanmu suke so ba. Saboda haka aka haɗa shi barbara da wani iri mai suna SAMPEA 10, wanda aka riga aka sani da jure wa ƙuduji. 'Ya'yan da aka samu aka sake haɗa su da SAMPEA 10, jikokin ma haka, ana yi ana zaɓe, har aka sami wake mai duk halayen irin gida, da ƙarin hali guda na baƙo. Furen wake ƙarami ne, kuma da hantsaki ake buɗe shi a sa masa ƙurar wani furen, da sanyin safiya ko da yamma, mutum yana tsugune. Kowane zagaye sai an jira tsiro ya girma ya yi 'ya'ya. Ba a yi wa wake gaggawa.

Wasu ma'aikatan kuma suna auna abin da ke cikin ƙwayar, su kwatanta da na waken da aka saba ci. Wasu suna duba ko ƙudan zuma da gizo-gizo da sauran ƙwari masu amfani sun ragu a gonar. Duk wannan aka tattara aka miƙa wa NBMA, hukumar da aka kafa a 2015 don ta riƙa tantance irin waɗannan halittu kafin a sake su. A watan Janairu na 2019 ta ba da izini. A Disamba na shekarar aka yi wa irin rajista da sunan SAMPEA 20-T, aka kuma ƙaddamar da sayar da shi ga manoma a Kano a 2021. Daga gwajin farko a gona zuwa hannun manomi, shekara 12 ke nan. Yaron da aka sa aji ɗaya na firamare a shekarar da aka fara ya kai ajin ƙarshe na sakandare kafin a gama.

Sabon irin yana nuna cikin kwana 70 zuwa 75, kuma feshi biyu ya ishe shi. Me ya sa ba a daina feshin gaba ɗaya ba? Domin furotin ɗin tsutsotsi irin Maruka kaɗai yake kashewa. Darɓa da ƙwarin da ke tsotse kwanso suna nan daram. Ƙwaron da ke huda wake a rumbu shi ma bai san an yi ba. Wannan na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne: a 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a jikinsa, irin wanda 'yan kasuwa suke zubawa a wurin ajiya. Masanin kirki yakan faɗi abin da aikinsa ya magance, ya kuma faɗi abin da bai magance ba.

Yini guda a wurin aiki

Na taɓa kai ɗalibaina ziyara wani ɗakin gwaje-gwaje. Sun tafi da zaton za su ga kwalabe suna tafasa, hayaƙi mai launi yana tashi, kamar yadda ake nunawa a fim. Abin da suka tarar shi ne wata mata sanye da farar riga da safar hannu, tana goge teburi da sinadarin kashe ƙwayoyin cuta. Ta shafe kusan rabin sa'a tana wannan kafin ta taɓa faranti ko ɗaya. Ta ce mana babban abokin gabarta shi ne funfuna. In ƙura kaɗan ta faɗa cikin faranti, bayan kwana uku zai yi fari fat, aikin wata biyu ya tafi.

Yawancin yinin masanin fasahar halittu haka yake tafiya. Yana dafa kayan aiki a wata tukunyar ƙarfe mai tururi, wadda zafinta yake kai digiri 121, don kada wata halitta ta rage a jikinsu. Yana auna ruwan da bai kai ɗigo ɗaya ba da wani abu mai kama da alƙalami. Yana sa samfuri a na'urar PCR, wadda take kwafar ɗan guntun DNA sau miliyoyi har ya isa a gani, ya jira sa'a biyu ko uku, sa'an nan ya duba ko layin da yake nema ya fito. Sau da yawa ba ya fitowa. Sai ya koma littafinsa ya bi abin da ya yi daki-daki, ya nemo inda kuskure ya shiga. Saboda haka ne ake rubuta kome: kwanan wata, da adadi, da lambar kwalba. A wannan sana'a, abin da ba a rubuta ba kamar ba a yi shi ba ne.

A ƙasarmu akwai ƙarin wahala. Wasu samfuran sai a firiza mai sanyin digiri 80 ƙasa da sifiri suke zama lafiya. Ranar da muka je an ɗauke wuta, muka ga yadda hankalin kowa ya tashi har janareto ya kama. Yawancin sinadaran daga waje ake sayo su da dala, wani lokaci a jira wata uku kafin su iso. Wanda yake son sakamako nan take, wannan aiki zai gajiyar da shi.

Gardamar da ba ta ƙare ba

Ba kowa ne ya yi maraba da sabon waken ba. Ƙungiyoyin kare muhalli, irin su HOMEF da Nnimmo Bassey yake jagoranta daga Benin, sun yi ta suka. Suna cewa ba a yi isasshen bincike na dogon lokaci ba, kuma manoma za su iya komawa dogaro da kamfanonin iri. Suna kuma tambaya: a kasuwar da ake auna wake da mudu, yaya mai saye zai san wanda yake saye? A 2024, shekarar da aka saki masarar TELA mai jure wa tsutsa da fari, Majalisar Wakilai ta nemi a binciki yadda ake shigo da irin waɗannan amfanin gona.

Masanan suna da amsoshinsu. Sun ce an shafe shekaru tun 1996 ana noma masara da auduga masu furotin ɗin Bt a ƙasashe da dama. Sun ce wake da kansa yake yi wa kansa barbara, saboda haka manomi yana iya ajiye iri daga gonarsa ya shuka baɗi. A ganina amsar nan ta biyu tana da ƙarfi. Amma tambayar mudu tana nan, kuma mai saye yana da hakkin ya yi ta. Akwai ma damuwar da masanan da kansu suke da ita: in tsutsa ta daɗe tana haɗuwa da furotin iri ɗaya, wata rana za a sami wadda ba ya kashewa, ta hayayyafa. Shi ya sa suke aikin ƙara wa waken ƙwayar gado ta biyu.

A nan ne harshe ya shigo. Masanin da ya gama aikinsa da Ingilishi dole ya tsaya gaban manoma a ƙauye, ko ya shiga gidan rediyo, ya yi bayani da harshen da suke ji. Wani ɗalibina ya taɓa tambayata ko gaskiya ne waken roba ne aka ƙera. Bai yi wauta ba. Abin da ya ji a gari ya faɗa. In masani ya kasa bayyana ƙwayar gado da kalmomin da manomi ya sani, kamar "iri" da "gado" da "barbara", mai jita-jita zai riga shi. Yawancin manoman waken ƙasar nan Hausa suke ji. Saboda haka ɗan Inugu ko 'yar Abekuta da ta karanci wannan fanni kuma ta iya Hausa tana da abin da abokan karatunta da yawa ba su da shi.

Sauran wuraren aiki, da hanyar shiga

Noma reshe ɗaya ne kawai. A Jami'ar Redeemer's da ke Ede, jihar Osun, ɗakin gwajin Farfesa Christian Happi ya taimaka wajen tabbatar da cutar Ebola lokacin da ta shigo Legas a 2014, kuma a watan Maris na 2020 aka karanta haruffan ƙwayar cutar korona a can, karo na farko a Afirka. A Vom, jihar Filato, ana ƙera allurar rigakafin dabbobi. A Umudike, jihar Abiya, ana rainon rogo da doya marasa cuta a cikin gilashi. Akwai kuma hukumar NAFDAC, da kamfanonin abinci da na magani, da asibitoci.

Mai son wannan aiki sai ya riƙe darussan kimiyya tun yanzu: Bayoloji da Kemistiri da Fizis da Lissafi da Ingilishi. Jami'o'in fasaha na tarayya da ke Akure da Owerri, da Jami'ar Jihar Ebonyi, suna cikin masu ba da digiri a fannin. Wasu kuma ta ƙofar nazarin ƙananan halittu ko kimiyyar tsirrai suke shiga. Ba zan ɓoye muku ba, digiri na farko kaɗai ba ya cika kai mutum ga jagorantar bincike. Galibi sai an ƙara da na biyu da na uku, kuma guraben aiki ba su kai yawan masu nema ba. Wanda ya yi amfani da watannin koyon aiki na jami'a ya shiga ɗakin gwaji na gaske, hannunsa ya saba da kayan aiki, shi ake fara dubawa. Iya kwamfuta ma ya zama dole, domin haruffan DNA na wake kaɗai sun haura miliyan 500, ba mai iya karanta su da ido.

Kalmomin da za a lura da su

Roro shi ne tsinkar wake a gona idan ya nuna. Kwanso shi ne ɓawon da 'ya'yan wake suke ciki. Faɗa-wuta ƙwaro ne mai fukafukai da ke zuwa wurin fitila da dare. Barbara ita ce haɗuwar namiji da mace na dabba ko na tsiro don a sami 'ya'ya. Ƙuduji ciyawa ce da ke manne wa saiwar shuka tana tsotse ta. Funfuna ita ce farar ko koriyar ƙura da ke fitowa a jikin burodi ko tuwo da ya kwana biyu. Baɗi ita ce shekara mai zuwa. Ku kula da kalmar "gado". Idan aka ja wasalin farko, ana nufin abin da aka samu daga iyaye, kuma ita ce ta cikin wannan darasi. Idan ba a ja shi ba, ana nufin abin kwanciya. Rubutunsu ɗaya ne, sai ku nemi malaminku ya furta muku su.

Nahawu: sunan mai aikatawa

Hausa tana gina sunan mai yin wani aiki ta hanyar sa "ma-" a farkon kalmar aikatau. Daga "sani" aka sami masani, masaniya, masana. Daga "noma" aka sami manomi, manomiya, manoma. Na farko namiji ne, na biyu mace, na uku jam'i. Idan saiwar kalmar ta ƙare da "t", takan koma "c" a gaban "i": daga "aikata" aka sami ma'aikaci da ma'aikaciya, amma a jam'i "t" ta dawo, aka ce ma'aikata. Ku gina namiji da mace da jam'i daga waɗannan: rubuta, karanta, ɗinka, ƙera, gina.

Tambayoyi

1. Ta yaya tsutsar Maruka take lalata wake, kuma me ya sa feshi ba ya kai mata sosai?
2. Me ya sa masana suka bar tsohuwar hanyar barbara suka koma ga bakteriyar Bt?
3. Don me ake zuba tsutsa da gangan a gonar gwaji?
4. Kawo ƙwari biyu da SAMPEA 20-T ba ya maganinsu.
5. Marubucin ya ce wake "tsiro ne mai taurin kai". Me yake nufi?
6. Wane abinci ake yi a garinku ta hanyar barin abu ya yi tsami ko ya ruɓa? Bayyana yadda ake yinsa da jimloli biyar na Hausa.

Aikin aji

Ku kasu gida biyu. Ɗaya ya zama masanan da suka kawo sabon iri ƙauye, ɗaya ya zama manoma da mata masu tuyar ƙosai. Manoma su shirya tambayoyi biyar, masana su amsa da Hausa, ba tare da sun sa kalmar Ingilishi ko ɗaya ba.